Sunayen da Ke Bakin Kogi

Ƙarar cokali ce ta fara komai. Ƙaramin cokalin shayi ne, ya suɓuce daga hannun maigidana ya faɗi a kan tayil, ya yi ɗan tsalle ya kwanta. Ina kicin ina tace shayi na biyu, bayan la'asar. Daga can na ɗaga murya na ce, "Malam, tsufa ya zo ke nan, har cokali ya fi ƙarfinka?" Ban ji amsa ba. Shi kuwa mutum ne da ba ya kwana da bashin magana. Da na leƙo sai na same shi zaune yadda na bar shi, jingine da matashi, yana kallon hannunsa na dama kamar hannun wani ne aka ajiye masa a cinya.

Bai daɗe a asibiti ba Allah ya karɓi abinsa. Aka yi masa wanka, aka ce in shigo in gan shi. Na ga fuskar, na yafe masa, na roƙi tasa yafiyar ko da ba ya ji. Maza suka ɗauka. Mu mata iyakarmu ƙofa. Haka muka taso muka gani a Jidda: mace ba ta bin gawa, ba ta shiga maƙabarta. Kabari kuma ba a rubuta masa suna. Mai kuɗi da tela duk ɗaya, ƙasa ce da ɗan dutse. Ban taɓa ganin aibun haka ba, har yau ma ban gani ba. Wanda zai tashe su ya san kowa.

Da na fita takaba, ɗana ya zo daga Riyad inda yake aiki, ya ɗauke ni a mota wata Juma'a da yamma. Ya tsaya a gefen katangar maƙabartar, doguwa, fara, ya ce, "Yumma, kin ga kan darbejiyar can da ya leƙo? Kabarin Baba ba shi da nisa da gindinta." Ya shiga, ni na tsaya a waje. Na dafa katangar, da sauran zafin rana a jikinta, na yi masa sallama, na karanta abin da ya sauwaƙa. Daga ranar ya zama al'adata. Duk Juma'a bayan la'asar nakan hau tasi daga unguwarmu Aziziyya in je in tsaya saitin bishiyar nan. Ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata tsohuwa 'yar Yaman da ke tsayawa can gaba kaɗan, da wata yarinya da ba ta fitowa daga mota, sai dai ta sauke gilashi. Ba mu san sunan juna ba. In wata ba ta zo ba dai mukan lura.

A garin nan aka haife ni, a unguwar Ammariyya, a wani gida da yanzu ko harsashinsa babu. Amma fasfona na Sudan ne, ƙasar da sau biyu na taɓa takawa. Harshen da nake mafarki da shi kuma Hausa ne, harshen ƙasar da ban taɓa gani ba. Zamana a Jidda da iƙama ne, katin zama da ake sabuntawa. Da yana ƙarƙashin maigida, shi kuma ƙarƙashin kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, mai shagon ɗinki a Sharafiyya inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka wa mutane riguna. Bayan rasuwarsa sai katin ya koma hannun ɗana.

'Yata kuwa, babbarsu, tana Ireland. Mijinta likita ne, ɗan Hausawan Sudan irinmu, ita kuma tana jinya a asibitin wani ƙaramin gari. Ita ta matsa sai na je. "Ki zo ki sha iska, Yumma, ki ga mijinki." Tana nufin ɗanta.

Dole in yi bayanin yaron nan. Tunda aka kai ni gidan Malam ban taɓa kama sunansa da bakina ba. Ba wanda ya hana ni. Haka na ga uwata ta yi, ita ma haka ta ga tata. In zan kira shi in ce Malam, in ina labarinsa in ce baban yara. Ko a asibiti, da ma'aikaciya ta tambaye ni sunan marar lafiya, iƙamarsa na miƙa mata ta karanta da kanta. Ta dube ni da tausayi, ta ɗauka ban iya karatu ba, ni da na gama sakandare. To da 'yata ta haihu a can, sai aka sa wa jaririn sunan kakansa, tun kakan yana raye. Shi ke nan shi ma ya fi ƙarfin bakina. Maigida nake ce masa. Shi kuma yana ce mini Habboba, yadda jikokin mutanen Sudan ke kiran kaka.

Da na sauka a filin jirginsu yaron ya ɓuya a bayan uwarsa yana leƙe na. Ya kai shekarun famfara, gaban bakinsa wayam.

Na ce, "Maigida, haka ake tarbar amarya? Hannu rabbana?"

Ya yi tunani, ya harhaɗo Hausarsa da ƙyar, ya ce, "Ni ba mijinki ba ne. Kin tsufa."

"Kai kuma ba ka da haƙora. Wa ya yi wa wani alfarma?"

Ya rufe baki da hannu, dariya ta ƙwace masa. Kafin mu kai mota ya riƙe gefen abayata, bai kuma rabu da ni ba sai ranar da na baro ƙasar. Yana jin Hausa fiye da yadda yake maida ta. Da safe yakan zo ya zauna a gefen sallayata ya jira in shafa, sannan ya ce in yi masa shayi mai na'ana'a irin na Jaddi, wai shi ne kakansa. Sau ɗaya ya taɓa shan shayin nan a Jidda yana ƙarami, amma ya riƙe. Yadda yake juya cokali, yana buga gefen kofi sau biyu kafin ya ajiye, ba wanda ya koya masa. Ranar da na fara gani sai da na tashi na shiga banɗaki.

Ban yi nisa da zuwa ba na gane ba shan iska aka kira ni ba. Wata rana muna yanka albasa 'yata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mun tambaya, Yumma. Za a iya nema miki takardar zama a nan. Gaba ɗaya."

"Jidda fa?"

"Me ya rage miki a Jidda? Ɗaki biyu da mukayyif, na'urar sanyin nan mai ƙara kamar injin niƙa. In kika faɗi a banɗaki wa zai ji? Yayan gidan yana Riyad." Ƙanenta take nufi, tana masa shaƙiyanci.

Na san abin da maganar ke nufi, ita ma ta sani. In na zauna, za a rufe iƙamata. Daga nan in zan shiga garin da aka binne cibiyata, sai dai in shiga a matsayin baƙuwa mai ziyara, a buga mini ranar fita. In kuma na koma, na koma ke nan ɗakuna biyun nan, yaron kuma ya girma a waya. Bizar fita da dawowa da aka yi mini tana da wa'adi, wa'adin kuma yana matsowa. Na ce mata zan yi istihara. Na yi, na sake yi, ban ga komai ba sai ruwan sama a taga.

Ana cikin haka wata Juma'a ta samu hutu, rana ta ɗan fito, ta ce mu taka zuwa bakin kogi.

A Jidda ba mu da kogi. Muna da teku mai gishiri, da ruwan da ake kawowa a wayit, tankar ruwa, in famfo ya ɗauke. Na yi shekaru ina wanke shinkafa in zuba ruwan a gindin tukunyar na'ana'a don kada ya tafi a banza. Sai ga ni a kan gada, ruwan daɗi baƙi wuluk yana wucewa ta ƙarƙashina, faɗinsa ya fi titin Madina na Jidda, ba mai tare shi ko da bokiti.

Na ce, "Subhanallah. Duk wannan ina za shi?"

Yaron ya ce, "Teku."

Na ce, "Asara."

Gaba da gadar kaɗan akwai wani fili da aka kewaye da gajeriyar katanga ta dutse, da ƙofar ƙarfe a buɗe. Ciki ciyawa ce a gyare, da dogayen duwatsu masu launin toka a tsaitsaye, an ajiye furanni a gindin wasu. Na ga masu shiga suna rage murya. Wani dattijo ya cire hularsa a bakin ƙofa. Yaron ya saki abayata ya ruga ciki, uwarsa ta bi shi. Ni kuwa ƙafata ta tsaya da kanta. Na koma gefe, na gyara mayafi, na dafa katangar. Sanyinta ya ratsa tafin hannuna. Sai a lokacin na tuna Juma'a ce, kuma la'asar ta yi.

'Yata ta waiwayo. "Yumma, yalla, shigo mana."

"Ke ma fito. In dole ne, bar yaron ya shiga, shi namiji ne."

"Namiji kuma? Me kika ɗauki wurin nan?"

"Ina da ido. Maƙabarta ce."

Ta fara dariya, sai idonta ya sauka a kan hannuna da ke kan katanga, dariyar ta tsaya. Ta dawo ta tsaya kusa da ni.

"Ba kowa a ƙasa, Yumma. Wallahi ko ƙashi ɗaya babu. Sunaye ne kawai."

Ta yi mini bayani a hankali. Wai sunayen mutanen yankin ne da suka mutu lokacin da ƙasar ke fafutukar fita daga mulkin Turawan Ingila. Wasu an binne su a ƙauyukansu, wasu a harabar gidan yari, wasu ba a san inda suke ba. Sai aka tara sunayen a nan bakin ruwa.

Na ce, "Tsaya. Su waɗannan ba su ne Turawan ba?"

"Turawa ne, amma ba na Ingila ba."

"Bature ya mulki Bature?"

"Shekaru aru-aru."

A makaranta an koya mana taswira, na san tsibirin, amma ba wanda ya ce mana masu jajayen kunnuwan nan ma an taɓa taka su. Kuma takalmin da ya taka su na san shi. Kakata ta wajen uwa tana goye aka fito da ita daga ƙasar Hausa, lokacin da Nasara suka shigo. Malamansu suka ce ba za su zauna a ƙarƙashinsu ba, suka fuskanci gabas, da mata da yara da awaki. Takan ba mu labarin yadda uwarta ta ba ta. In mutum ya mutu a hanya a haƙa, a sa shi, a jibga ƙaya a kai saboda kura, a yi gaba kafin rana ta yi zafi. Ba mai waiwaye, don in ka waiwaya ma ba abin da za ka gane. Suka isa Sudan bayan shekaru, suka tarar Baturen da suka guda ya riga su zuwa. A nan takan yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ido. Daga baya ubana ya ƙetare teku ya zo hajji, ya zauna.

Na tsallaka ƙofar da bisimilla, da ƙafar da ba ta yarda da abin da aka gaya mata ba. Ina taka ciyawar a hankali, ina jin kamar zan taka wani.

Sunayen a jere suke, an sassaƙa su cikin dutsen, da harshe biyu, nasu na gargajiya da Turanci. Yaron yana bin su da yatsa yana karantawa da ƙarfi, yana nuna mini ya iya. A gefen wasu an sa shekarunsu. Yawancinsu ba su kai ɗana ba. Na tsaya ina tunani: waɗannan sun tsaya sun mutu a ƙasarsu, ga jikokinsu nan suna yawo da karnuka a bakin koginsu, ba mai tambayar su takarda. Namu sun tafi domin addininsu, ban isa in ce sun yi kuskure ba, Allah ya saka musu da Aljanna. Amma ga ni, jikarsu, da furfurata, har yau kati nake sabuntawa.

A dutsen ƙarshe, na kusa da ruwa, wata tsohuwa ce durƙushe a kan jaka da ta ninke. Ta girme ni nesa ba kusa ba. A hannunta tsohon buroshin haƙori ne, a gefenta gorar ruwa. Tana goge gansakuka daga cikin haruffan suna ɗaya, harafi bayan harafi. Yaron ya karanta sunan, ta gyara masa faɗinsa ba tare da ta ɗago ba, sannan ta ɗago ta yi masa murmushi. Ta miƙa hannu za ta ɗauki gorar, gorar ta kife.

Na sunkuya na ɗauka. Na ɗan yi jim da ita a hannu. Na ce a raina, ba kabari ba ne, ba gunki ba ne, tsohuwa ce gwiwa ke damunta. Na tsiyaya mata ruwan a kan haruffan, tana gogewa.

Turancina na makaranta ne, ya yi tsatsa, nata kuma da sauri yake fita, sai 'yata ta shiga tsakani tana fassara. Tsohuwar ta ce sunan na wan babanta ne. Ba ta taɓa ganinsa ba, an haife ta bayansa da daɗewa. Wai sojoji suka zo suka ɗauke shi daga gida yana cikin cin abinci, saurayi ne ko aure bai yi ba. Ba a dawo da shi ba, ba a ba da gawa ba. Mutane suka ce a kogi aka jefa shi. Kakarta, uwar saurayin, ba ta ƙara cin kifin kogin nan ba har ta mutu. Tana ba da labarin tana kiran sunansa, sau nawa, a sauƙaƙe, kamar yana ɗaki na gaba.

Ni dai ina zuba ruwa. Ruwan yana bin cikin haruffan yana gangarowa ƙasa. Sai na tuna ɗana ya ce da suka gama rufe babansa shi ya yayyafa ruwa a kan ƙasar, da hannunsa. Ban gani ba. Ban ga ramin ba, ban ga ƙasar ba, ban san ko tana da ja ko fara ba. Ban san hawaye na zuba ba sai da tsohuwar ta ajiye buroshin ta kama wuyan hannuna da jiƙaƙƙen hannunta.

'Yata ta ce, "Tana tambaya wa kika rasa."

"Gaya mata maigidana."

Tsohuwar ta gyaɗa kai ta sake magana. 'Yata ba ta fassara ba. Ba sai ta fassara ba, wannan kam na ji da kaina. Sunansa take tambaya.

Na buɗe baki. Sunan yana nan, a kan harshena yake kwana yake tashi tun ina budurwa. Mutumin ya rasu, ƙasar ba tamu ba, ba surukai, ba maƙwabta, ba mai jin Hausa a duk bakin kogin sai mu uku. Amma ya ƙi fita. 'Yata ma ta sunkuyar da kai, ita ma ba ta saba gatsa sunan ubanta a gabana ba. Tsohuwar tana jira, tana duban wannan tana duban waccan.

Yaron ne ya faɗa. Ya faɗe shi garau, da bakinsa marar haƙora, ya buga ƙirji ya ƙara da Turanci cewa shi ma sunansa ke nan.

Tsohuwar ta maimaita, a hankali, sau biyu, don ta riƙe. Na ji sunan mijina a bakin wata Baturiya a bakin wani kogi da bai taɓa jin labarinsa ba. Kunya ta kama ni, wani sanyi kuma ya sauka a ƙirjina, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ta tambaya a ina muka rubuta nasa. Na ce mu ba ma rubutawa. Ta ce to yaya nake gane wurin in na je? Na ce ba na shiga, daga waje nake tsayawa, akwai bishiya da nake ganin kanta ta saman katanga. Ta daɗe tana kallona. Ba ta ce abin da na zaci za ta ce ba, ba ta ce an zalunce ni ba. Cewa ta yi, "To kin fi ni. Kin san inda yake."

Na ce wa 'yata, "Gaya mata ita ma ta fi ni. Tana da abin taɓawa."

Muka kama ta ta miƙe, ni ta wannan hannu, 'yata ta wancan. Ta nannaɗe buroshinta a leda ta sa a aljihu, ta shafa kan yaron, ta tafi tana dogara sanda.

Muka zauna a kan benci muna fuskantar ruwa. Yaron ya sauka ƙasa kaɗan yana jefa tsinke yana kallon yadda ruwa ke tafiya da shi. Ban shirya maganar ba, fitowa ta yi.

"Zan koma."

Ba ta tambaye ni ina ba. Ta ce, "Saboda katanga."

"Ba katanga ba ce kawai."

"Yumma, ke kika koya mini addu'a ba ta da nisa. Daga nan ma tana isa. Daga ko'ina."

"Haka ne."

"Kuma kin san bayan wasu shekaru wani za a sa a wurin. Haka ake yi. Baba ba ya can, yana wurin Ubangijinsa."

"Na sani."

"To mene ne?"

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ba malamin da zai ce ta yi kuskure. Na ce, "Kin ga matar can? Ba ta da gawa, amma tana zuwa. In ta daina zuwa, gansakuka ta cinye sunan. Shi babanki ko sunan babu. Alamarsa a duniya ita ce wata mata na tsayawa saitin bishiya ranar Juma'a."

"Wannan ba addini ba ne, Yumma."

"Ban ce addini ba ne. Kakannina sun bar nasu a ƙasar Hausa, suka bar wasu a hanya ƙarƙashin ƙaya. Ubana ya bar nasa a Sudan. Kowa binnewa yake ya yi gaba. Ni na gaji da tafiyar nan, duk da ba da ƙafata aka yi ta ba. Ina so a sa ni a ƙasar da aka sa wani nawa. Mutum ɗaya dai a zuriyar nan ya tsaya."

Ta juyo ta dube ni, idonta ya kaɗa. "Mu fa? Mu da muke da rai? Shi fa?" Ta nuna yaron da haɓa.

Na kama hannunta, ta bar mini shi, amma ba ta riƙe nawa ba. Can ta ce, "Halas, shi ke nan," ta miƙe ta kira ɗanta. Muka tako gida, kowa da abin da ke cikinsa. A kan gada ban ƙara kallon ruwan ba.

Sauran kwanakin ta yi mini duk abin da 'ya ke yi wa uwa. Ta saya mini safa mai kauri da ba zan taɓa buƙata a Jidda ba, ta jera mini magunguna, ta sa mijinta ya auna jinina. Ba ta sake tayar da maganar ba. Da ma ta tayar.

Na dawo kafin wa'adin biza ya cika. Zafi ya tare ni a ƙofar jirgi kamar ɗan'uwa marar kunya. Na buɗe ɗakunana biyu, na kunna mukayyif, ya yi ƙararsa. Na'ana'ata ta bushe, maƙwabciyar da na bar wa amana ta manta. Ranar Juma'a na hau tasi. An rage wa darbejiyar rassa, amma kanta yana nan ya leƙo. Tsohuwar nan 'yar Yaman ta hango ni, ta ɗaga hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce da Larabci, "Mun ɗauka kin bi shi." Na ce tukuna. Na dafa katangar, da ɗuminta, na yi sallama. Na gaya masa na ga takwaransa, yana buga kofi sau biyu. Ban ji na yi nasara ba, ban kuma ji na yi kuskure ba. Na ji dai ina inda ƙafata ta sani.

Abu ɗaya ne yake bina har gindin katangar nan, duk mako. Safiyar da zan baro su, ina zaune a bakin gado ina ninke kaya, yaron ya shigo da kayan barcinsa. Bai hau gadon ba yadda ya saba. Ya tsaya a ƙofa yana murza ƙafa a kan ƙafa.

Na ce, "Maigida, ba ka hana ni tafiya? Wane irin miji ne kai? Ko ka samu wata a makaranta?"

Bai yi dariya ba. Na ga bakinsa yana motsi, yana jera kalmomin a cikinsa tukuna, yana so ya faɗa da Hausa duka, kada Turanci ya shiga. Ashe duk abin da aka yi a bakin kogi ya ji, na tsohuwar da namu a kan benci. A hannunsa buroshin haƙorinsa ne, ɗan ƙarami, shuɗi.

Ya ce, "Habboba, in kin mutu a can, ba za su rubuta ba ko? To ni ina zan je in wanke sunanki?"